Igiyar Awon Umma

Talata, ƙarfe huɗu da rabi na yamma

Alhamdulillahi, ba wanda ya gane ni a makaranta. Na kalli bidiyon sau shida a wayar Yaya. Ƙafata kawai ta fito, da bakin tsintsiya. Ƙafa kuwa kowa yana da ita.

Umma ce ta fito gaba ɗaya, ita da Hajiya Mai Jan Leshi, a tsakiyar shagon ɗinki, ranar Asabar. Hajiya tana sanye da rigar da Umma ta ɗinka mata, zif ya tsaya a rabin baya, ta rufe wurin da mayafi tana ta faɗa, wai gobe ake yaye ɗanta a jami'a, da me za ta je? Umma ta juya ta zaro igiyar awo daga ƙusa, ta zagaya ƙugun Hajiya da ita. Ƙullin bai haɗu ba, saura kamar yatsa huɗu. Sai Umma ta ce, a hankali ma ta faɗa, "Hajiya, ba rigar ce ta ragu ba, ke ce kika ƙaru."

Wata ta fashe da dariya, wayar ta girgiza, bidiyo ya ƙare. Ba mu san wadda ta ɗauka ba. Mata biyar ne a kan benci ranar.

Anti Mai Shago ta ce Umma ta zauna a gida tukuna. An lulluɓe kekenta da zani.

Laraba, bayan la'asar

Yaya tana karanto mana abin da mutane suke rubutawa a ƙarƙashin bidiyon. Wani ya ce wace irin tela ce wannan da ba ta da tef, da igiyar shanya take awo? Na ji haushi. Ba igiyar shanya ba ce. Farin ƙyalle ne siriri, kowace mai kawo ɗinki da nata. Umma tana ƙulla shi a kafaɗa, ƙirji, ƙugu, hannu da tsawo. Ba ta rubuta suna a jiki, ƙusa take ganewa. Ƙusa talatin da biyu ne a bangon da ke bayan kekenta, ko idonta a rufe ta san ta kowa.

Ni aikina a shagon shara ce kawai, ranar Asabar da lokacin hutu. Shara da yanar gizo-gizon bango.

Shi ke nan na yau.

Alhamis, da safe

Umma ta ce in biya shago in ɗauko mata tabarau. Na ce cikina yana ciwo. Yaya ta je.

Juma'a, ƙarfe biyar

Anti Mai Shago ta zo gida. Ko takalmi ba ta gama cirewa ba ta fara.

"Maman Auta, ki je ki ba matar nan haƙuri. Shekara nawa tana kawo mana ɗinki, ita da duk matan ofishinsu? Yanzu ko wayata ba ta ɗauka."

Umma ta ce, "Anti, in na yi kuskure bakina ba ya nauyi, kin sani. Amma shekara goma sha tara nake awo da igiya, ba ta taɓa kunyata ni ba. In je in ce mata me? In ce ta rame?"

"Ki ce mata komai ma! Wa ya ce ki faɗi gaskiya a gaban mutane?"

"Ita ta fara kira na makauniya."

"To, na ji. Zuwa ƙarshen wata. In ba ki je ba, wallahi wata zan ɗora a keken nan, kada ki ce ban faɗa ba."

Ni na kawo musu ruwa. Rabinsa a tire ya ƙare. Anti ta ce, "Ke kuma Auta, hannun naki rawa yake koya?" Suka yi dariya, har Umma. Na ji daɗi da aka yi dariya, don ba wanda ya kalli fuskata.

Lahadi, ƙarfe biyu

An yanke bidiyon. Da daƙiƙa arba'in ne, yanzu shida. An cire faɗan, an cire maganar yaye ɗalibai, saura Umma da igiya a hannu da maganar kawai. An kuma yi sitika da fuskarta, irin wadda ake turawa a hirar waya, gira ɗaya a sama. Ban taɓa lura Umma tana ɗaga gira ɗaya ba sai a sitika.

Baba yana zaune a ƙofar ɗaki yana kallon waya, kafaɗunsa suna ta motsi. Umma ta leƙa ta bayansa. A guruf ɗinsu na direbobi wani ya yi ƙorafin hularsa ta matse shi, mutum huɗu suka tura masa fuskar Umma.

Ta ce, "Har da kai?"

Ya ce, "Ni ban tura ba, Allah shaida. Ajiyewa kawai na yi. Mutum ba zai ajiye hoton matarsa ba?"

Ta ɗauke masa kofin shayi ba ta bari ya ƙarasa ba. Amma na ga bakinta ya so ya yi murmushi.

Litinin, ƙarfe uku

Malamin lissafi ya faɗa a aji. Wata ta ce allon ya yi ƙanƙanta, ba ta gani daga baya, ya ce, "Ba allo ne ya ragu ba, surutunki ne ya ƙaru." Aji ya ɗauka gaba ɗaya. Na sunkuya kamar ina neman biro.

'Yar ajinmu da muke ce wa Rediyo saboda surutu, ita kaɗai ta san Ummata ce, don ta taɓa raka ni shago. Ta matso ta ce, "Ke, na rantse ba zan faɗa ba, amma ki sani cikina kamar zai fashe." Na ba ta rabin biskit ɗina. Har aka tashi ba ta faɗa ba. Rediyo fa! Wannan ma abin godiya ne.

Talata, ƙarfe shida

Mai burodi ma ya faɗa wa Yaya, bai san ko 'yar wace ce ba. Ta ce burodin nan kullum ƙanƙancewa yake. Ya ce, "Bakinki ne ya ƙaru, 'yammata." Ta dawo tana huci, wai da maganar uwarta za a zage ta.

Laraba, bayan la'asar

Umma ta gyara duk kayan gidan nan da allura, har waɗanda ba su yage ba. Ta sauya wa rigar makarantata maɓallai, alhali na da lafiyarsu ƙalau. In ta zauna a kujera ƙafafunta suna motsi sama da ƙasa, kamar tana taka keke. Ba ta san tana yi ba.

Ranar da na share bangon, sati biyu kafin Hajiya ta kawo leshin, akwai

A'a. Ba yau ba.

Juma'a, ƙarfe huɗu

An sa wa maganar kiɗa. "Ke ce, ke ce, ke ce kika ƙaru." Samari suna ɗaura ɗankwali suna riƙe igiyar caja suna auna abokansu. Wani ya auna tayar mota. Wani ya auna akuya. Yaya ta yi dariya har da hawaye, sannan ta ce, "Allah ya shirye su, marasa tarbiyya," ta sake kunnawa.

Ni ma na yi dariyar akuyar. Daga baya na ji ba daɗi.

Lahadi, bayan la'asar

Yau kyanwa ce. Wata ƙatuwar kyanwa tana son shiga kwali, ya ƙi ɗaukarta, sai muryar Umma ta fito. Ba fuskarta, ba shago, ba Hajiya, ba ƙafata. Yaya ta duba sababbin bidiyo goma sha ɗaya, ko ɗaya babu fuskar Umma.

Har gardama ake yi a ƙasa. Wani ya ce daga wani tsohon wasan kwaikwayo aka ciro muryar, wata ta ce ƙarya ne, karin maganar kakarta ce tun tana yarinya. Yaya ta fusata, za ta rubuta musu gaskiya. Na riƙe mata hannu na ce don Allah ta bari.

Ta ce, "Ke Shiru-shiru, yau kin yi baki?"

Na yi barcin rana mai daɗi, irin wanda na daɗe ban yi ba. In maganar ta zama ta kowa, ai ba tamu ba ce kuma.

Litinin, ƙarfe biyar da rabi

Na ga Hajiya Mai Jan Leshi a babban kanti, Umma ta aike ni sayen sabulu. Ta sa wani ƙaton baƙin mayafi har ƙasa, ita da kullum kayanta suke walƙiya. Tana layin biya, 'yammata biyu a bayanta suna taɓa juna. Ɗaya ta fara rera kiɗan nan ƙasa-ƙasa. Hajiya ba ta juya ba. Ta sa hannu a kwandonta ta ciro kwalin biskit da robar lemo, ta ajiye a gefe, ta biya sauran ta fita.

Ashe ita ba a manta da fuskarta ba.

Na tsaya a bayan kantar sabulu har sai da mai gadi ya tambaye ni ko na ɓata ne.

Talata, da safe

Saura kwana tara wata ya ƙare. Umma ta ce ba za ta je ba.

Alhamis, ƙarfe uku

Alhamdulillahi! Alhamdulillahi! Anti ta kira. Umma ta sa wayar a sifika don hannunta da kumfa.

Wai mutane suna ta zuwa shago suna tambayar mai igiya. Wata ta zo tun daga wata unguwa mai nisa, ta ce ita ba ta yarda da tef ba, da igiya take so a auna ta. Anti ta ce, "Ki dawo ranar Asabar. Maganar haƙurin a bar ta tukuna. Amma Maman Auta, kuskure ɗaya, ko na maɓalli ne, mun rabu. Idon duniya yana kan shagon nan yanzu."

Umma ta ce, "To, Anti," kamar ba komai. Da aka kashe wayar ta shiga ɗaki ta daɗe. Da ta fito idonta ya yi ja, ta ce hayaƙi ne. Ko wuta ba a kunna ba.

Ke nan keken ya dawo. Ke nan ba sai kowa ya faɗi komai ba. Na ci shinkafa faranti biyu, Baba ya buɗe baki zai yi maganar nan, Umma ta nuna shi da cokali, ya rufe.

Juma'a, bayan la'asar

Umma tana goge almakashinta da mai tana lissafa ayyukan da ke jiranta. Ta ce na farko yadin Malamar Asibiti, tun kafin rigimar yake ajiye, gobe da safe za ta yanka.

Ƙusar Malamar Asibiti ce take kusa da ta Hajiya. Tsawonsu ɗaya. Malamar ta fi siranta.

Asabar, ƙarfe bakwai na safe

Na taɓa goshina sau uku, ba zazzaɓi.

Asabar, ƙarfe biyar na yamma

Zan rubuta duka, ko hannuna zai gaji.

Mun je shago. Umma ta yaye zanin keken, ta shafa kansa kamar yaro. Ta shimfiɗa yadin Malamar Asibiti a tebur, shuɗi mai tsada, ta miƙa hannu baya ba tare da ta duba ba ta zaro igiya. Ta yi zane da alli. Ina tsaye da tsintsiya ina share wuri ɗaya. Ta ɗauki almakashi, ta buɗe bakinsa, ta sa a gefen yadin.

Na ce, "Umma."

Ba ta ji ba, don muryata ba ta fito ba. Na sake cewa, "Umma, kada ki yanka."

Anti ta ɗago daga wayarta. Sauran teloli biyu suka tsayar da keke.

Na ce ranar da na share bango tsintsiya ta kaɗo igiya biyu ƙasa. Na ce na mayar da su, amma ban san wacce ce ta wace ƙusa ba, na dai rataya. Na ce na so in faɗa a ranar, sai baƙi suka shigo, daga baya na ji kunya, daga baya kuma na ji tsoro. Ban san yadda na faɗi duk wannan ba, takalmina nake kallo.

Umma ta ajiye almakashi. Ta zaro ɗaya igiyar, ta haɗa su biyu ta ɗaga. Ƙullin ƙugu na ɗaya ya wuce na ɗaya da yatsa huɗu. Ta daɗe tana kallo. Sai ta zauna a kan benci, wurin da masu jira suke zama.

Anti ta ce, "Innalillahi! Sati uku yarinyar nan tana kallonmu muna haƙilo? Ke wace irin..."

Umma ta ce, "Anti, bar ta. Shekara guda ban ɗinka wa Hajiya ba, ya kamata in sake auna ta kafin in yanka. Ban yi ba, don na yarda da ƙusa fiye da idona. Wannan nawa ne."

Anti ta ce, "Na dai faɗa miki sharaɗina. Litinin ma yi magana."

Umma ta goge zanen allin da tafin hannu, ta ninke yadin. Ta ce, "Auta, ɗauko min mayafina. Ke ma sa naki."

Gidan Hajiya bene ne, hawa na biyu. Ita ta buɗe ƙofa. Da ta gan mu ta ce, "An zo ƙarin awo ne? Ina mai ɗaukar hoton?"

Umma ta durƙusa a bakin ƙofa. Ban taɓa ganin ta durƙusa wa wanda ba babba ba. Ta fito da igiyoyin biyu ta nuna mata, ta yi bayani, ba ta ambaci sunana ba sam. Ta ce, "Da awon wata na yanka miki, da awon wata na auna ki a gaban mutane. Ba ki ƙaru ba, Hajiya. Ni ce na zalunce ki."

Hajiya ta ce, "Kin san ban je yayen ba? Ɗana na fari. A waya na kalla, a ɗakin nan. Kin san rabona da shinkafa tun ranar?"

Ni kuka ya ƙwace min. Na ce ni ce na kaɗo su da tsintsiya. Ta kalle ni sama da ƙasa.

"Wannan 'yar firit ɗin? Ke ce kika hana ni cin abinci sati uku?"

Na ce, "E."

Ta ce, "Ku tashi daga ƙofa, maƙwabta suna leƙe, na gaji da zama abin kallo." Muka shiga. Ba ta ce ta yafe ba. Amma ta kawo mana ruwa.

Muka kama hanyar gida. Da za mu tsallaka titi Umma ta kama hannuna, ba ta sake ba har gida. Ƙirjina kamar an sauke min buhu. Ko me Anti za ta ce ranar Litinin, yau dai numfashi nake har ciki.

Lahadi, ƙarfe huɗu

Umma ta sa Yaya ta ɗauke ta bidiyo. Ta zauna ta nuna igiyoyin, ta ce kuskurenta ne, baiwar Allah nan ba ta da laifi, a daina. Yaya ta ɗora.

Zuwa yanzu mutum ɗari da tara suka kalla. Na kyanwar ya wuce miliyan. Mutum ɗaya ya yi magana a ƙasa, ya ce, "Wannan matar tana kama da ta sitika."

Yaya ta ce a banza. Umma ta ce a tura wa Hajiya, ta nuna wa 'yan ofishinsu, su ne suka san ta.

Litinin, bayan an tashi makaranta

Da gudu na je shago, ko gida ban biya ba. Keken Umma a buɗe, amma ba ta kansa. Tana tsaye, Anti tana zaune ta harɗe hannu tana cewa ita magana ɗaya take yi, ba ta son a ce shagonta wurin wasan yara ne.

Sai ga Hajiya, da leda a hannu, da wata abokiyar aikinta. Ta juye ledar a tebur, jar rigar ce da ragowar leshin.

Ta ce, "A buɗe min ita. Ɗana ya ce zai ari rigar yayen mu je a ɗauke mu hoto, ko a bayan gari ne."

Anti ta miƙe da fara'a ta ce, "An gama, Hajiya, ni da kaina zan..."

"A'a. Wadda ta ɓata ita za ta gyara. In ba ta nan, in kwashe kayana in yi gaba."

Anti ta kalli rigar, ta kalli abokiyar aikin, ta kalli Umma. Ta ce, "To, Maman Auta, tsayuwar me kike yi? Keken zai taka kansa ne?"

Laraba, ƙarfe biyar

Hukuncina ya fito. Ni zan warware jar rigar, ɗinki ɗaya bayan ɗaya, da reza, kullum bayan makaranta. Umma ta ce in na huda leshin ko sau ɗaya, in nemi wata uwar.

Ɗinkin Umma ƙanana ne, a matse, kamar ba ta so a taɓa rabuwa da su. Kwana biyu ke nan, gefe ɗaya kawai na gama. Babban yatsana ya kumbura, wuyana ya ƙage, jan zare ya manne min har a gira. Keken Umma yana ta ƙara a bayana, ba na ma jin abin da Anti take faɗa.

Ɗazu ta tsaya ta leƙo aikina, ta juya shi ciki da waje, ta ɗaga shi a haske tana neman huji. Ba ta samu ba. Ta ce, "Hmm." Ta mayar min, ta koma kan keke.